Alhaji Bala, Wanda Ya Sa Wa Ɗana Boston a Rai

Ina kasuwar Zhanxi Lu a Guangzhou ina zaɓar takalma aka kira ni, wai Alhaji Bala mai aika kaya na ginin Tianxiu ya faɗi a ofishinsa, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Bayan jana'iza ƙaninsa ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana roƙo a yafe wa mamaci. Da ya zo kaina na ƙi cewa na yafe.

Ba zan ɓoye alherinsa ba. Lokacin da ban iya karatu ba, shi ke cike mini takardun kaya, bai taɓa faɗa wa kowa ba. Da na fara koyo sai ya riƙa miƙo mini biro yana cewa, "Rubuta da kanki, jirgin ruwa zai jira."

Amma bakinsa ba ya hutawa. Ya yi tuƙin tasi a Amurka, ya zaga Turai, kullum a gidan abinci na unguwar Xiaobei sai ya jera garuruwan Amurka. Wai Boston ce ta fi kama da Turai, lunguna da tsofaffin gidajen jan bulo, ko'ina ƙafa za ta kai ka. New Orleans barandar Faransawa kawai ta ɗauko. Houston kuwa, inda yayana yake, cewa yake, "Garin da sai ka tada mota za ka sayi burodi, wannan gareji ne."

Ɗana Nazifi yana sauraro. Ya samu makaranta a Houston da Boston. Na riga na shirya da yayana, ɗaki da tuwo da mai tashinsa sallar asuba. Yaro ya zaɓi Boston, inda ba mu da kowa.

Na hau har ofishin Alhaji. "Alhaji, Turai na aike shi nema? Jan bulo ne zai yi jinyarsa in ya kwanta?"

Ya yi dariya. "Maman Nazifi, ke wa kika sani ranar da kika sauka Guangzhou?"

Wata huɗu ban gaishe shi ba.

Da na sanar da Nazifi rasuwar, kuka ya fashe da shi. Ashe duk Juma'a Alhaji na kiransa ya ji ko ya je masallaci, ko ya ci abinci. Wannan ma ɓoye mini ya yi. Ya raba ni da yaro, ya tafi ya bar shi, ga sanyi na tahowa.

Jiya na je wurin ƙaninsa na ce na yafe. Ban ce yana da gaskiya ba.

Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba iyalinsa haƙuri, Ya raya 'ya'yansa. Nawa ɗan kuma, ya Allah, Ka zame masa dangi a can.