Wuƙar Fiƙe Alƙalami da Wuyan Jita

A shekarar da kogin Farin Nilu ya tumbatsa ya shigo unguwarmu ta Kalakla, wato shekarar korona, na ɗauki bashin alherin wani mutum a wuyana, ba don na so ba. Ƙanin matata ne. Yana zaune a Dar Salam, can bayan Omdurman. Da rana yakan yi aikin gini in ya samu, ranar biki kuma ya kaɗa jita a cikin wata ƙungiyar makaɗa. Ni kuwa tun farkon aurenmu na shaida masa cewa ƙofata a buɗe take gare shi, amma jitar ta tsaya a waje.

Da ruwa ya ci gidanmu, masai na unguwa duk suka cika suka haɗe da shi. Akwatin littattafan kakana, waɗanda ya rubuta da hannunsa a hanyar hajji, yana ƙuryar ɗaki. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon abin da ke yawo a kan ruwan, na kasa shiga. Ƙanin matatan nan ne ya tuɓe riga ya shiga, ruwa har ƙirji, ya fito da akwatin a ka. Duk sanda na buɗe baki zan gode masa sai ya mayar da maganar wasa. Abin ya zauna mini a rai kamar tsakuwa a takalmi.

Bayan ruwa ya janye, wata Laraba da hantsi sai ga shi da jita a cikin buhu. Ya tsaya a waje, bai shigo ba. Ya nuna mini wani ɗan farin abu a ƙarshen wuyanta, inda tsirkiyoyi shida suke kwanciya, kowace da gurbinta. Abin ya tsage ne da jitar ta faɗi a cikin raksha, keken haya mai ƙafa uku. Tun daga nan tsirkiya biyu suke ziza kamar ƙudan zuma a tulu, kuma shugaban ƙungiyarsu ya ce in ya sake jin wannan ƙara a bikin Alhamis, zai nemi wani. Mai gyara a kasuwa ya faɗi kuɗin da ya sa ya juyo bai ko yi sallama ba. Ya ce ya daɗe yana ganin yadda nake tsaga bakin alƙalami, hannun da ya iya wannan zai iya wancan.

Na ce masa ya shigo da ita. Matata ta leƙo daga kicin ta dube ni, ta koma.

Ya zaro ƙashin da za a fiƙe sabon da shi daga aljihu, fari tas, busasshe, ba ɗigon maiƙo. Har na yaba. Muka zauna a inuwar darbejiya. Na ɗora ɗan katako a jikin tsohon na ƙwanƙwasa a hankali, ya fita. Na yanka ƙashin da guntun zarto daidai tsawonsa. Ƙauri ya tashi, irin na gashi in ya faɗa wuta, ya shige mini hanci ya ƙi fita. Na yi ta goga shi a dutsen wasa wuƙa har ya zauna a mazauninsa ba ya girgiza. Sannan na jera shi da tsohon, na ɗiga alamar gurabe da fensir.

Duk wanda ya tashi a gaban allo ya san al'adarmu. In kana fiƙe alƙalami, kakan taɓa shi da harshe ka share ƙura, in hannu biyu suna aiki kuma ka riƙe shi da leɓe. Haka na yi ta yi da ƙashin nan, ban ko lura ba. Na ji ɗan ɗaci-ɗaci da gishiri, na ɗauka gumin hannuna ne.

Na ɗauko wuƙata, wadda da ita nake fiƙe alƙaluman da nake rubuta ayoyi, na fara tsaga guraben siraran tsirkiyoyin. Aikin na son haƙuri. In gurbi ya zurfafa, zizar ta dawo, in bai kai ba, tsirkiya ta yi tsayi ta ci yatsa. Sai a ɗan ja wuƙa, a ɗora tsirkiya, a saurara, a sauke. Na gama na sirara ke nan na tambaye shi wane mahauci ne ya ba shi ƙashi mai kyau haka.

Ya yi dariya. Ya ce mahauta yanzu ko ƙashi sayarwa suke yi don miya, kuma ɗanye ba ya aiki, sai ya daɗe yana tsiyayar mai. Wannan kuwa, rana ce ta dafa shi. A bayan unguwarsu ya tsinto, filin da masu karo, wato amalanken jaki, suke jan dabbobinsu in sun mutu.

Ƙashin yana tsakanin leɓuna a lokacin.

Ban san sanda na tofar ba. Na nufi randa, na kurkure baki, na sake, na sake, na kawo asuwaki na goge har dasashi ya yi jini. Na amayar da kunun safe. Ina tuna filin, na taɓa wucewa ta wurin, na ga karnuka da kumburarren ciki da ƙudaje kore. Matata ta fito tana zagin ƙaninta da Larabci, don Hausa ba ta ishe ta ba. Shi kuwa ya tsuguna, ya ce wallahi ya wanke shi da omo.

Na ce, "Kai, mushe ne. Ko da turare ka wanke shi."

Ya kira ni yadda ake kiran malami a nan, ya ce, "To, ya Faki, bar shi. Allah ya kawo wata sana'ar." Ya fara mayar da jitar cikin buhu.

Na san ba wata sana'ar. Gini ya tsaya, 'ya'yansa ƙanana, matarsa da ciki. Ƙashin mahauci ba zai bushe kafin gobe ba. Na dubi abin yana kwance a ƙasa, ga yawuna a jikinsa, ƙura ta manne. Shi bai tsaya tambayar hukuncin ruwa ba ranar da ya shiga ɗakina.

Na naɗe yatsuna da tsumma na ɗauka. Na datse leɓe kamar mai azumi a gaban tukunya. Guraben kaurara ba sa son wuƙa kaɗai, sai na tsaga hanya, na ja guntun tsohuwar tsirkiya mai kauri a ciki, gaba da baya, ta ci wa kanta wuri. Farar ƙura tana zuba mini a gwiwa, ina kau da kai. Ya ɗiga gam, ya ɗaure tsirkiyoyi, ya taɓa su ɗaya bayan ɗaya. Ba ziza. Ban ce ya yi daɗi ba, ban kuma ce bai yi ba.

Na wanke wuƙar, na san ruwa ya tsarkake ta, amma na san kuma ba za ta sake kusantar alƙalamina ba. Na miƙa masa ita, na ce ya haɗa da jitar. Ya karɓa da hannu biyu, yana ƙoƙarin danne dariya.

Ya ce, "Yaya, ni dai ruwan nan a ƙirji ya tsaya mini. Bai kai baki ba."

Na ce, "To ka ga ba ka bina komai."

Ya ce ya yarda. Na shiga na yi wanka, na sake tufafi, na tafi azahar.