Likitar Baba

Kwalejin da na samu tallafin karatu a Alkahira mai zaman kanta ce, kuma tsarinta daban ne. Shekara biyun farko ba ka da fanni, komai sai ka ɗanɗana: tarihi, falsafa, lissafi, ilimin halittu, har wasan kwaikwayo. Sai a ƙarshen shekara ta biyu ka cike takarda ka zaɓi inda za ka tsaya.

Babana direba ne a ofishin jakadanci, muna zaune a unguwar Dokki, nan cikin Alkahira. Na yi masa bayanin tsarin nan har na gaji. Rannan ya ga littafin ilimin halittu a hannuna, da hoton zuciya a bango, ya ce, "Khalas, shi ke nan, ashe likita za ki zama." Daga ranar sunana ya ɓace, na koma Likita. Har mai kanti na ƙasan beninmu haka yake kirana.

Ni kuwa da lokaci ya yi, adabi na zaɓa. Ban faɗa masa ba. Kullum sai in ce gobe, don sunan yana min daɗi, kuma ina tsoron ganin fuskarsa.

Wata Asabar bayan la'asar ya miƙo min ƙafarsa, ta kumbura har sawun takalmi ya fito. "Likita, duba min nan." Na danna da yatsa, na haɗa gira kamar na san abin da nake yi. Na ce, "Zaman mota ne, Baba. Ka riƙa ɗora ta kan filo." Ya ce tamam, haka za a yi, ya fasa zuwa asibitin da Mama ta dame shi da shi.

Wata uku yana ɗora ƙafa kan filo. Da numfashi ya fara yi masa wuya muka kai shi asibiti. Likitan ya ce ƙoda ce, ya tambayi abin da ya hana mu zuwa tun tuni. Baba ya nuna ni da alfahari: "Ai 'yata ta duba. Likitanci take karanta."

Likitan ya juyo ya jero min tambayoyi. Ko ɗaya ban gane ba. A gaban Baba na ce, "Adabi nake karanta."

Bai yi min faɗa ba, har yau. Sau biyu a mako ina raka shi wankin ƙoda, in zauna gefensa kunya na cina. Idan yana son ruwa, da sunana na yanka yake kirana.