Gwiwar Ƙanena da Gaisuwar Kawu

Shekarar da aka kawo wa kulob ɗinmu na Garwa koci daga Koriya ta Kudu, ni aka nema in yi masa tafinta. Shi Turanci yake ji, 'yan wasa kuma Fulatanci da Hausa da Faransanci. Ni na koyi Turanci lokacin da aka tura ni Kaduna koyon aikin rediyo. A can aka dasa mini ƙa'ida guda: abin da mutum ya faɗa shi za ka maimaita, ba ƙari ba ragi.

Kocin dattijo ne gajere mai furfura. Ya yi shekaru yana tsaron baya a ƙungiyar ƙasarsu, ya bar wasa da wuri, ya horar da 'yan makaranta, daga baya manyan kulob-kulob. Idan ya daɗe a tsaye yakan ɗan ɗingisa.

Ƙanena yana buga gefen dama. Ranar Laraba aka tokare shi a gwiwa wajen atisaye, ya tashi ya ci gaba da gudu. Gida ɗaya muke, don haka da asubar Alhamis na tarar da shi yana salla a zaune, gwiwar ta kumbura. Ranar Lahadi kuwa akwai wasa, kuma wakilan wani babban kulob na Duwala za su zo neman 'yan wasa.

"Yaya, don Allah kada ka faɗa," in ji shi. "Wasa ɗaya ne."

Na ce bakina ba zai faɗa ba.

Ranar Juma'a koci ya tsayar da shi a gaban kowa ya tambaye shi ƙafar. Ƙanena ya riga ya ɗaure ta tam a cikin dogon wando. Ya sunkuyar da kai ya ce lafiya lau. A wajenmu namiji ba ya kai kukan ciwo gaban babba, balle sa'o'insa suna saurare. Na juya maganar zuwa Turanci kamar yadda ya faɗe ta. Koci ya daɗe yana dubana, sannan ya hura usur.

Da yamma na tambayi likitan da ke zuwa shirinmu na lafiya a rediyo, ban ce ko wane ne ba. Ya ce idan jijiyar ta tsage kuma aka yi minti casa'in a kanta, ba maganar ƙwallo ake ba, maganar tafiya daidai ake.

Kawunmu yana aikin fasa dutse a Figil, shi ya riƙe mu bayan rasuwar mahaifinmu. Dama zai zo ranar Asabar don kallon wasan. Na tare shi a tasha, na ɗora shi a babur. Da muka zo mararraba ban juya gida ba, na miƙe filin ƙwallo. Na san abin da nake yi. Ƙanena bai taɓa gaida Kawu a tsaye ba.

Ana tsakiyar atisaye muka isa. Ƙanena ya hango farar hular Kawu, ya tsaya cak. Ya dube ni, na kawar da kai. Ya tako a hankali, ya cire takalmi, ya tsuguna har ƙasa.

"Kawu, sannu da zuwa. An zo lafiya?"

Kawu ba ya gajarta gaisuwa. Ya tambaye shi gajiya, ya tambaye shi zafin Garwa, ya kawo gaisuwar Goggo, ya ba shi labarin akuyar da ta haifi uku. Gumi yana ɗiga daga haɓar ƙanena. Golan ƙungiyar ya ɗaga murya daga raga: "Kai lamba bakwai, ko kwana za ka yi a nan? Kawu, a sako mana shi, gobe Duwala za shi!"

"To tashi, Allah ya yi maka albarka," in ji Kawu.

Ya yunƙura. Ƙafar dama ta ƙi. Ya dafa ƙasa da hannu biyu, ya sake yunƙurawa, ya koma zaune.

Koci ya iso. Bai taɓa shi ba. Ya naɗe ƙafar nasa wandon, muka ga tabon ɗinki daga saman gwiwa har ƙauri. Ya ce in fassara. Ya ce ana gobe wani wasan ƙasarsu kocinsu ya tambaye shi ƙafa, ya ce lafiya, domin a can ma ƙarami ba ya ce wa babba ba zai iya ba. Ya buga har aka tashi, bai ƙara sa rigar ƙasarsu ba. Ya ce ƙanena ba zai buga gobe ba, asibiti za shi yanzu.

Na maimaita da Hausa, ba ƙari ba ragi.

Ƙanena bai dubi koci ba, ni ya duba. "Yaya, hanyar gida daga tasha ba ta bi ta nan ba."

Na ce, "Na sani."

Mutanen Duwala sun zo, suka ɗauki wanda ya buga a gurbinsa. Likita ya ce jijiyar ta tsage amma ba ta katse ba. Kocin ya koma ƙasarsu a ƙarshen kakar. Ƙanena ya yi wata biyu ba abin da ke haɗa mu sai gaisuwar safe, Duwala kuma ba ta sake zuwa nemansa ba. Yanzu shi ke horar da 'yan wasan unguwarmu. Yana salla a tsaye, yana tsugunawa ya tashi. Maganar mararrabar nan kuwa, daga ranar bai sake tayar da ita ba, ni ma ban tayar ba.