Malam Tanimu da Inshorar Auwalu

Duk ɗan gida da ya zauna a unguwar Bukit Jalil, can ƙasar Malay, ya san Malam Tanimu ba ya zuwa suna ko walima ba tare da robobin abinci a jakarsa ba. Kafin a shafa addu'a ya riga ya leƙo kicin ɗina.

"Maman Hanif, tapau boleh?" Wato, da yaren Malay, ko za a zuba masa na tafiya gida.

"Haba Malam, ai ko baƙi ba a zuba wa ba."

"Shi ya sa na zo yanzu."

Mun san dalili, don bai taɓa ɓoyewa ba. Babban ɗansa Auwalu yana kwance a asibiti a Kano, ana raba shi da kodin da ƙwaya. Shekara da shekaru ana yankar kuɗin inshorar lafiya ta gwamnati daga albashin Malam na koyarwa, amma da ya kai yaron sai aka ce tsarin da yake kai bai ɗauki irin wannan kwanciya ba. Sai ya riƙa tura alawus ɗin karatunsa gida, shi kuma ya dogara da tukwanenmu. Ranar da turawar ta tsaya, ranar za a sallamo Auwalu, ko ya warke ko bai warke ba. Haushin abin ya sa ya juya binciken digirinsa na uku gaba ɗaya kan inshorar.

Motar haya kuwa bai san cikinta ba. Wata Juma'a ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, maigidana ya kira mota ya ce masa ya shigo, shi zai biya. Malam ya leƙa ta taga yana ɗiga.

"In taimako kake so ka yi, ba ni kuɗin kujerata. Ni jirgin ƙasa na LRT ya ishe ni."

Kuma ya karɓa.

Babban tarkonsa shi ne manyan ma'aikatan da ke zuwa taron bita daga gida. Kowa ya san abin da ke ransu gyale ne da yadin matansu a kasuwar Masjid India, kuma ba wanda ya kai Malam iya ciniki da yaren Malay. Shi zai raka su, shi zai riƙe ledoji. Sai an gama saye ya zaunar da mutum a gidan shayi, ya danne ledojin da ƙafa, ya buɗe zancen inshora. Ina gefe ina jiran ƙawata ranar da wani darakta ya gaji.

"Malam, let's be serious. Wa ya aike su sha? Mutum ya jawo wa kansa, kuma gwamnati ta biya?"

Malam ya dubi tumbinsa a tsanake.

"Ranka ya daɗe, maganin hawan jininka wa ke biya?"

"Inshora mana."

"To wa ya aike ka cin maiƙo?"

Saura kaɗan shayi ya sarƙe ni. Daraktan bai ƙara neman ɗan rakiya ba, amma gyale dai ya same shi da araha.

Bai kai ga kare binciken ba. Zuciya ce ta buga masa a hanyar makaranta, a ƙasar nan muka binne shi. A falona aka yi zaman makoki, maigidana ya kira asibiti aka ba Auwalu waya. Da Auwalu ya ji rasuwar, sai ya ce, "Kawu, ke nan gobe in haɗa kayana?"

Wannan tambaya ta fi mutuwar kanta karya mini zuciya. Maigidana ya dubi mazan da ke zaune, ɗalibai ne duka masu jiran alawus, kowa ya gyaɗa kai, alamar za a haɗa kuɗin asibitin.

"Ba inda za ka, Auwalu, sai likita ya ce ka warke."

Allah Ya jiƙan Malam Tanimu, Ya haskaka kabarinsa a wannan ƙasa mai nisa. Ya Allah, Ka ƙarasa masa yaron nan.