Ranar da Direba Ya Ɓace a Wajen Rajistar Taki

Akwai wata Alhamis da ko tsufa ya ci ni har na fara rikita sunayen jikokina, ba na jin za ta fita daga raina. A shekarar nan ce da mai ya yi tashin gwauron zabo, buhun taki ya fi ƙarfin talaka, mutane suka koma tafiyar ƙasa saboda kuɗin acaɓa ya gagara. Ina koyarwa a wata firamare a yankin Makoda, kuma da yake na taɓa yin ɗan kwas na kwamfuta a birni, sai ƙungiyar manoman yankinmu ta ɗora mini aikin yi wa mutane rajistar tallafin taki. Aka ba mu kwamfuta ɗaya da wata 'yar na'ura mai ɗaukar zanen yatsa. Wanda bai dangwala yatsa ba, babu sunansa, babu takinsa.

Mu biyu aka tura horo, ni da wata malama da ke shugabantar mata manoma. Ta girme ni nesa ba kusa ba, ga ta da rubuce-rubuce, komai aka faɗa sai ta sa a littafinta. Ni kuwa a lokacin ji nake babu wanda ya kai ni. Muna dawowa na zauna na gyara saitin kwamfutar yadda raina ke so. Na mai da kaina admin, wato mai cikakken iko a kanta, na riƙe kalmar sirrin ni kaɗai. Malama na buɗe mata wani ɗan shafi da ba ta iya komai a ciki sai shigar da suna. Na kuma toshe hanyar sa falas, 'yar ma'ajiyar nan da ake jona wa kwamfuta don kwafar bayanai, wai kada wani ya kwaso mana cutar kwamfuta. Da ta ce mini, "Malam, in wata rana ba ka nan fa?" dariya na yi na ce ina za ni.

Alhamis ɗin ita ce ranar ƙarshe, ƙarfe huɗu na yamma za a rufe shafin rajista daga can sama. An yi ruwan shuka, gero ya fito, kowa hankalinsa na kan taki. Kafin hantsi harabar makarantar ta cika, maza a gindin darbejiya, mata a barandar aji uku, wasu tun bayan asuba suka taso a ƙasa daga ƙauyukansu. Aiki na tafiya lami lafiya har layi ya zo kan wani dattijo dogo, siriri, mai farin gemu. Ya ɗora babban yatsansa, na'ura ta ƙi. Ya sake, ta ƙi. Muka gwada yatsu goma, duk fartanya ta cinye zanen.

"Baba, ɗan koma gefe, zan duba," na ce masa.

"To, Malam, ina nan," ya ce, ya je ya zauna a bakin ƙofa.

Bayansa aka sami wasu tsofaffi biyu masu irin matsalar. Nan ne shaiɗan ya raya mini wata dabara. Kowace na'ura da ake jona wa kwamfuta tana da wata ƙaramar manhaja da ke yi musu tafinta, ita ce muke kira direba. Na tuna wani ya taɓa turo wani sabon direba a zauren wayarmu na waɗanda suka yi horo, ya ce yana ƙara wa na'urar kaifin gani. Ban san wanda ya haɗa shi ba, ban kuma taɓa gwada shi ba. Na tura shi cikin kwamfutar. Ta fito da gargaɗi cewa wannan abu ba shi da hatimin masu na'urar, ba ta yarda da shi ba. Maimakon in tsaya, sai na shiga saiti na kashe mai gadin da ke binciken hatimin. Ta tambaye ni ko in goge tsohon direban gaba ɗaya, na danna e.

Kwamfuta ta mutu ta tashi. Koren hasken da ke jikin na'urar bai dawo ba. Na zare na mayar, shiru. Na buɗe jerin na'urori, na tarar da wata alama ruwan ɗorawa a gefen sunanta. Na nemi komawa kan tsohon direban, wurin ya ƙi dannuwa, don ni da hannuna na share shi. Na duba agogo, sha biyu da rabi.

Na fita baranda na kira wani abokina da ke gyaran kwamfuta a Kano. Sabis ɗin garinmu kuwa sai ka ɗaga murya kamar mai kiran wani a gona. "Direban ne ya ɓace!" na ce da ƙarfi. "Wallahi ya ɓace gaba ɗaya, na neme shi na rasa!" Ya ce in sauko da na asali daga intanet. Na koma na gwada, layin saukarwar ya ɗan motsa ya tsaya cak.

Ban san abin da na haifar ba sai da na ji hayaniya ta tashi a waje. Ashe waɗanda ke kusa sun ji maganata, kafin ta kai gindin darbejiya ta zama direban motar taki ya gudu da kaya. Mutanen da yunwa ta riga ta cinye musu haƙuri, waɗanda aka sha yi musu alkawari a tashi a tutar babu, ba sa buƙatar dogon bayani. Suka taso suka yo ƙofar ajin. Wani ya doki tagar da sanda har ƙura ta zubo. Ina jin wata murya tana cewa, "Da su aka haɗa baki! A fito mana da malamin!" Mai unguwa ya tsaya a bakin ƙofa ya buɗe hannuwa yana ba da haƙuri, amma muryarsa ba ta fita.

Ni dai ina zaune a gaban kwamfutar. Sai Malama ta buɗe jakarta ta ajiye wani tsohon falas a gabana.

"Ranar horo na sa an kwafa mini duk abin da ke cikin faifan na'urar," ta ce. "Na so in ajiye a kwamfutar tun tuni, ka toshe hanya."

Ban iya kallon idonta ba. Na jona falas ɗin, kwamfuta ta ce babu izini. Dokar da na kafa ce ta tare ni. Na shiga in cire ta, na rubuta kalmar sirrin ba daidai ba har sau biyu. Aka sake dukan ƙofa.

"Malam," ta ce, "ba ni kalmar, na rubuta matakan a littafina. Kai ka fita ka gaya musu gaskiya, don bakinka ne ya tayar da wutar."

Na faɗa mata, na tashi na fita. Na hau kan benci a baranda na yi sallama sau uku kafin a saurara. Na ce babu direban motar da ya gudu, taki bai ma taso ba tukuna. Na ce ni ne na taɓa abin da bai kamata in taɓa ba a cikin na'ura, na lalata, kuma ana gyarawa. Wani ya ce ƙarya nake. Wani ya ce, "To uban wa ya aike ka?" Limamin garin ne ya ce a je a yi azahar tukuna, in an dawo ba a gyara ba, shi da kansa zai raka su wajen hakimi. Da ƙyar taron ya watse, amma na ga wasu sun saɓa sandunansu sun kama hanyar gida, sun riga sun yanke ƙauna.

Ƙarfe biyu da kwata koren hasken ya kama. Malama ta mayar da direban asali, ta kuma kunna mai gadin da na kashe. Tsofaffin da yatsunsu suka ƙi kuwa, cewa ta yi su goga yatsan a goshi ya ɗan sami danshi, su danna a hankali. Yawancinsu na'ura ta karɓa. An faɗi wannan a wajen horo, ina can ina latsa waya. Muka yi ta aiki ba ɗaga kai, ita tana kama yatsu ina shigar da sunaye, har shafin ya rufe a fuskarmu ƙarfe huɗu daidai, da sauran mutane a layi.

Dattijon nan mai farin gemu yana cikin waɗanda suka tafi lokacin hayaniyar. Bai sami taki ba a shekarar. Da damina ta yi nisa na bi ta gefen gonarsa a kan keke, na ga dawarsa ta yi ɗorawa, gajeru, a tsakanin gonakin maƙwabta masu duhun kore. Na sauka na durƙusa na ba shi haƙuri. Ya kalli gonar ya ce, "Na san taimakona ka so yi, Malam. Amma da ka tambayi wani." Ya ci gaba da nomansa.

Tun daga ranar ban sake taɓa saitin na'urar da mutane suka dogara da ita ba sai na ajiye kwafin abin da ke aiki, kuma ban sake riƙe mabuɗin aikin jama'a ni kaɗai ba. In kwamfuta ta yi mini gargaɗi, tsayawa nake in karanta, in kuma nemi shawarar na kusa da ni ko da ina ganin na fi shi sani. Na koyi cewa kyakkyawar niyya ba ta hana ɓarna, kuma in mai ɗan ilimi ya yi gaban kansa, sau da yawa ba shi ne ke kwana da yunwar ba.