Kwandon Dabino a Hanyar Teku

Har shekarar da kwantiragin Baba ya ƙare a Riyad, ban taɓa ganin teku ba. In na faɗi haka mutane dariya suke yi, don ƙasar da muka zauna teku ne gabas da ita, teku ne yamma. Mu dai a tsakiya muke, a unguwar Gubaira, a saman shagon wani mai walda, kuma abin da tagar ɗakina ke kallo shi ne tankunan ruwa a rufin maƙwabta. Da dare jirgi ya kawo mu daga Kano ina ƙarama, barci na yi har muka sauka. Umara kuwa ta Ta'if muke zuwa a mota, ta nan muke dawowa. Saboda haka tekuna na cikin littafi ne. In iska ta kaɗa labulen ɗakina da la'asar sai in rufe ido in ce igiyar ruwa ce, har mai walda ya kunna injinsa ya dawo da ni gida.

An riga an fara ɗaure kaya a kwali, ƙarshen wata za mu tafi tafiyar da ba dawowa, lokacin da na yi ta maza na roƙi Baba. Ya ce Alhamis ɗaya ta rage masa da ba aiki. Za mu tashi bayan asuba mu je Ahsa, mu ga gonakin dabino, daga nan mu ƙarasa bakin ruwa a Uƙair, mu juyo a ranar, don Juma'a da safe shi ke tsaron injinan ruwa a wurin aikinsu. Mama nas ce, tana da aikin asibiti, ta ce mu gaida mata kifi. Sai ya zama mu uku: ni, da Baba, da Kaka.

Kaka ita ce mahaifiyar Baba. Ta zo Umara daga Dutse ta tsaya wurinmu don mu koma tare. Baba ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta kiran sunansa, ba ta ma yi masa magana kai tsaye. Ko suna zaune tabarma ɗaya ni take kallo.

"Ke, gaya wa mai motar nan ya rage gudu. Ba satar mu ya yi ba."

"Baba, wai ka rage gudu."

"Na ji, Hajiya."

"Ce masa ban tambaye shi ko ya ji ba."

Haka muka ratsa jan yashi, Kaka a baya rungume da wata babbar jaka da ta ƙi yarda a sa a but. Ta ce mutum ba ya zuwa garin mutane hannu rabbana.

Ahsa ta ba ni mamaki. Bayan shekaru ina kallon siminti da ƙura, sai ga kore har iyakar gani, ruwa na gudu a ƙananan magudanai tsakanin bishiyoyi. Mun shiga kogunan Dutsen Ƙara, inda iyalai ke zuwa shan iska. Ciki lungu-lungu ne masu tsayi, haske na saukowa daga sama siriri kamar zare. Ina tsaye ina neman kalmar da zan sa masa, Kaka ta ce wuri mai kyau haka an bar shi ba a ajiye ko buhun gero ba. A gindin dutsen akwai masu ginin tukwane. Nan ta zauna ta ƙwanƙwasa kusan kowane tulu da ɗan yatsa, tana saurare, kafin ta zaɓi ɗaya. Lokacin sanyi ne, rana ba ta daɗewa a sama, ni kuwa ita nake ta kallo.

"Daga azahar sai teku," in ji Baba. "Kwantar da hankalinki."

Azahar ɗin ce ta tsayar da mu a bakin wata gona. Mun ga magudanar ruwa, Baba ya ce mu yi alwala. Muna idar da salla wani dattijo ya fito daga cikin dabinai, rigarsa a tattare har gwiwa, ya kama hannun Baba da hannu biyu kamar ya shekara yana jiransa.

"Tafaddalu, gahawa!"

Baba ya yi godiya ya ce muna sauri. Dattijon ya rantse da Allah sai mun sha. Baba ya dube ni ta gefen ido ya ce, "Kofi ɗaya ne."

Maza suka zauna ƙarƙashin bishiya, mu aka shigar da mu bayan wani shinge na ganyen dabino, wurin matar gidan. Mace ce gajera mai fara'a, hannunta duk lalle. Ni na fi kowa Larabci a gidanmu, don a nan na yi makaranta, sai na zama tafinta. Aka kawo gahawa da dabino a faranti. Kaka ta ci ɗaya, ta juya ƙwallon a hannu, ta ce in gaya mata ya kusa kamo na Dutse. Na gaya wa matar ya yi daɗi, Kaka ta ce ta ga bakina bai yi tsawon maganarta ba.

Da muka miƙe za mu tafi, Kaka ta buɗe jaka ta ciro goro fari guda uku ta sa a farantin.

"Kaka, mene ne kuma?"

"Faranti zai koma wayam? A gidanku aka koya miki haka?"

Matar ta karɓa, ta tambaye ni abin da ake yi da shi. Ta gatsa. Na ga idonta ya kawo ruwa, amma ta haɗiye ta ce masha Allah. Sannan ta ce mu ɗan zauna, ta shige ciki. Ta dawo da kwando cike da dabino, irin wanda sai an sa hannu biyu.

Kaka ta gyara zama. Na san wannan gyaran zaman. Ta sa na juye dabinon a mayafina, ta ciro ƙunshin kilishi ta shimfiɗa a kwandon.

"Wannan nama ne?" in ji matar. Ta ɗaga shi a rana tana dubawa. "Baƙi su kawo mana nama, mu ba mu ba su ba? Ayb!" Abin kunya ke nan. Ta ɗaga murya ta kira mijinta ta bayan shinge, na ji tana cewa a kama kaji.

Na je jikin shingen na kira Baba a hankali.

"Baba, za su dafa abinci."

"Na ji kukan kajin. Me Hajiya ta ba su?"

"Kilishi."

"Innalillahi. Ce mata don Allah ta rufe jakar nan."

Na dawo na isar. Kaka ta ce, "Ce masa lokacin da nake buɗe jaka ba a haife shi ba."

Aka kawo jar shinkafa irin ta garin, da kaji a kai, a tire mai faɗi. Ba zan yi ƙarya ba, ta yi daɗi, amma kowace loma ina jin inuwar shingen na matsowa kan ƙafata. Da aka gama, tiren ma bai koma wayam ba. Kaka ta ɗora masa turmin atamfa da kwalbar turaren wuta. Matar ta shinshina turaren, ta lumshe ido, ta tashi ta shige ciki. Ta dawo da kwandon nan, yanzu da lemun tsami da rumman, da gurasa mai dabino a ciki da ɗuminta.

Daga nan abin ya daina kama da kyauta, ya koma kamar dambe, sai dai kowace tana murmushi. Kaka ta ba da dakuwa, aka kawo tulun zumar dabino. Ta ba da yaji da kuka, na sha wahalar bayanin yadda ake kaɗa miya, aka kawo tabarmar kaba sabuwa. Ta ba da daddawa. A nan matar ta ɗan ja baya, ta tambaye ni a hankali ko magani ne. Na ce na miya ne. Ta ce Allah mai iko, ta sa aka kawo mafici biyu da faifai.

Jakar Kaka ta fara lotsewa. Na yi murna a raina, sai na ga tana kallon filas ɗin shayinmu.

"Kaka, na Mama ne."

"Uwarki ba ta da rowa."

Filas ya tafi. Jim kaɗan muka ji Baba ta bayan shinge yana cewa, "La, la, wallahi, ya shaikh," muryarsa kamar ta mai neman ceto. Na leƙa. Dattijon na tsaye da ɗan akuya baƙi a kafaɗa, yana neman inda ake buɗe motarmu.

"Baba?"

"A bene muke zaune," ya ce da ni da Hausa, yana yi wa dattijon murmushi. "Ƙarshen wata za mu hau jirgi. Ki tambayi Hajiya a wace kujera za ta zaunar da shi."

Kaka ba ta ji wannan ba, don ta riga ta fara lissafin abin da ya kai akuya. Ta ce in ce wa mai motar nan ya ciro hularsa da agogonsa.

Aka kira la'asar a wani masallaci can cikin gonaki. Muka yi salla. Da na sallame ban tashi ba. Na zauna ina kallon rana ta tsakanin ganyen dabino, ta yi laushi, ta fara ja. Ban yi niyyar kuka ba. Ni ba mai rigima ba ce, ko a gida in abu ya dame ni taga nake zuwa. Amma na tuna kwalayen da aka ɗaure, na tuna Kano ba ta da teku, sai hawaye suka zubo da kansu.

Matar ce ta fara gani. Ta dafa ni.

"Ya binti, me ya faru? Abincin ne?"

Na ce a'a, khala, wato gwaggo. Na gaya mata daga Riyad muka taso don in ga teku, ban taɓa gani ba, kuma in rana ta faɗi yau shi ke nan.

Ta kalle ni. Sai ta fashe da dariya har tana riƙe ciki.

"Wallahi ni ma ban taɓa gani ba!"

"Ga shi nan kusa da ku?"

"Tun ina amarya yake cewa bayan an sare dabino. An sare dabino har na yi jikoki."

Kaka ta zungure ni. "Me take cewa? Wani abin za ta kawo?" Na fassara mata duka, har da kukana. Ta dube ni, ta dubi rana, ta ce, "To ke bakinki ciwo yake? Tun ɗazu ki ce teku rufewa yake yi."

Matar ta riga ta yafa abayarta. Ban ji duk abin da ta gaya wa mijinta ba, amma gajere ne, kuma amsarsa kalma ɗaya ce: "Tayyib," wato to. Ya tayar da tsohuwar motarsa mai buɗaɗɗen baya, ya ce mu bi shi, ya san hanyar da ta fi kusa. Matar ta ƙi shiga tasa, ta shigo tamu ta zauna kusa da Kaka, tulu a tsakaninsu. Ɗan akuyan yana bayan motar dattijon, yana kallonmu duk tsawon hanya, Baba kuma yana ƙoƙarin kada su haɗa ido.

Dabinai suka ƙare, yashi ya dawo, fari wannan karon. Can sai iskar da ke shigowa ta taga ta canza, ta yi nauyi, da wani ƙamshi da ban san shi ba. Muka wuce wasu tsofaffin gine-gine na tashar jiragen ruwa da aka daina amfani da ita, da motocin iyalai jefi-jefi, kowa ya shimfiɗa darduma a gefen tasa. Baba ya tsaya.

Ba irin na littafi ba ne. Ba igiyar ruwa mai tsayi, ba ruri. Kwance yake shiru, kore-kore a kusa, can nesa kuma ya haɗe da sama har ban iya raba su ba. Rana na bayanmu, inuwoyinmu suka riga mu shiga ruwan. Na cire takalmi. Sanyinsa ya kama idon sawuna, yashi na zamewa a hankali ƙarƙashin tafin ƙafata kamar ana jan tabarma.

Matar ta kama hannuna na dama, tana ta salati, tana dariya, gefen abayarta ya jiƙe sharkaf. Ta waiwaya ta yi wa mijinta ihu: "Ka ga? Bai cinye ni ba!"

Kaka ta tsaya a bakin ruwa ta naɗe zane, ta ɗebo da tafin hannu ta kurkure baki, ta tofar da sauri.

"Wa ya yi wannan aikin? An kashe shi da gishiri."

Ta daɗe tana duban dama da hagu, hannu a ƙugu. Sannan ta ce, "Duk ruwan nan, ba wanda ya shuka ko albasa a bakinsa."

Baba ya matso ya ce magariba ta kusa, hanya kuma da nisa, in fito mu kama shiri. Na ɗaga ƙafa ɗaya ke nan Kaka ta juyo, ba ta dube shi ba, ni ta duba.

"Ce masa ya ƙyale yarinya. Ya je ya yi alwala tukuna."

Na buɗe baki zan isar, Baba ya ce ya ji. Ya juya wajen mota, ni kuma na ƙara taku biyu cikin ruwan.