Kwanon Da Na Mayar Wa Hajiya

Ina gaida ma'aikatan wannan mujalla da masu karanta ta. Na daɗe ina rubuta wasiƙar nan ina yagewa, don ban tabbata zan iya faɗin abin da ya faru ba tare da na wanke kaina ba. Ba zan ambaci sunan kowa ba.

A lokacin ina da shekara talatin da 'yan kai. Ni Kirista ce, haifaffiyar wani gari kusa da Maradi, inda majami'armu da masallacin unguwa ke jin muryar juna. Na zo Lyon ta ƙasar Faransa karatu, a can na auri wani ɗan ƙasarmu, a can na haifi ɗiyata. Da na gama, aikin da na samu a Paris yake, a wani ɗakin gwajin jini. Mijina bai ƙare nasa karatun ba, sai ya tsaya Lyon yana zuwa mana ƙarshen mako in hali ya yi, ni da yarinyar kuma muka kama gida a hawa na shida a Saint-Denis, gefen Paris. Ni mutum ce mai tsoron kuskure. A wurin aiki sai na duba lambar kwalba sau uku kafin in ajiye ta, a gida kuma nakan dawo daga ƙasan bene don in tabbatar na kashe gas. Ina tsammanin wannan halin shi ne hankali. Watakila a wurin aiki haka ne.

Abin da ban duba ba ko sau ɗaya shi ne addu'a. A gidanmu Inna da waƙar yabo take tashe mu, kuma ba wanda ke kai loma baki ba a yi godiya ba. Ni kuwa safiyata gudu ce: in yi wa yarinya wanka, in ja ta zuwa lakwal, wato makaranta, in cusa kaina cikin metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, inda ko hannu mutum ba ya iya ɗagawa. In na dawo, girki da wanki. Littafi Mai Tsarki yana bisa firji, takardu sun rufe shi. Sujadar Lahadi a wani zaure muke yin ta a Aubervilliers, tsakanin manyan ɗakunan ajiyar kaya, sai an canza mota sau biyu, don haka kullum mako mai zuwa ne. Ina ce wa kaina Allah ya san halin da nake ciki. Ya sani kam, amma ɗiyata ba ta sani ba, ita abin da take gani kawai take gani.

Ƙofar da ke kallon tawa ta wata Hajiya ce, mutuniyar Damagaram, wadda mijinta ke aika kaya gida. Ta girme ni sosai, 'ya'yanta duk sun yi aure. Mun san juna ne ranar da ta ji ni ina yi wa yarinyar faɗa da Hausa a bakin bene, ta tsaya tana dariya, ta ce ashe har nan mutanen Maradi suka biyo su da hayaniya. Daga ranar ta mai da ni ɗiyarta. Kullum tana yi mini tsiya wai tafiyata kamar wadda ta bar tukunya a wuta, ni kuma in ce ai Damagarawa ne ba su san agogo ba. Kwanonmu bai taɓa hutawa ba tsakanin ƙofofin biyu, kuma kamar yadda muka taso, ba ya komawa fanko. Da yake a lokacin yara ba su zuwa lakwal ran Larba, ita da kanta ta ce in riƙa barin yarinyar wurinta, tunda ita zaman kaɗaici take yi. Yarinyar tana shekara shida. Na yi murna, na yi godiya, kusan shekara ana haka lafiya lau.

Ban san ranar da zargin ya shiga raina ba. Ina jin wata Asabar ce da rana. Na leƙa ɗaki sai na ga yarinyar ta wanke hannuwanta, ta shimfiɗa wani ƙyallen atamfa a ƙasa, ta durƙusa a kai tana fuskantar taga, bakinta na motsi, tana lanƙwasa yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Ƙyallen ba nawa ba ne. Na san zanen da aka yanko shi, na sha ganin sa a jikin Hajiya. Na koma kicin na tsaya riƙe da ludayi. Daga ranar na fara sa ido, kuma abin kunya, har rubutawa nake yi a wani ƙaramin littafi kamar yadda nake rubuta sakamakon gwaji. Na rubuta cewa da rana tsaka take yi, kusan lokacin azahar. Na rubuta cewa tana wanke hannu tukuna. Na rubuta cewa ta ce alhamdu lillahi bayan cin abinci, ko da yake Inna ma haka take cewa, na san da haka, amma duk da haka na rubuta. Har taswirar gari na ɗauko ina auna ko ina tagar ɗakin take kallo, na ga kamar wajen gabas ne, ko kusa da haka. Ƙirgan yatsun kuwa na ce tasbihi ne.

Na tambayi yarinyar a fakaice, ina yi mata kitso, me suke yi da Hajiya ran Larba. Ta ce suna tsince shinkafa, suna kallon tattabaru, Hajiya tana ba ta labarin wani raƙumi mai taurin kai. Na ce ƙyallen fa? Sai ta ce wai Hajiya ta ce wannan maganar ba a yin ta da kowa. Ina jin in da ta ce komai ban da wannan, da na huce. Kalmar nan ta tabbatar mini da duk abin da na rubuta. Na tuna ni kaɗai ce a nan, iyayena sun riƙe bangaskiyarsu shekara da shekaru, ga shi ni a hannuna za a zare jikarsu ina can ina duba lambar kwalba.

Na kira mijina a Lyon. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce shi bai ga abin da na gani ba, amma tunda taku uku ne tsakanin ƙofata da tata, in je in tambaye ta mana. Na ce ai ba a tambayar babba irin wannan, kuma in ma na tambaya musu za ta yi. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji. Sai na kira wata 'yar'uwa a majami'a wadda na san abin da za ta ce tun kafin ta ɗauka. Ta ce ai da ma haka ake farawa, da abinci da fara'a, ta ce in cire yarinyar yau ba gobe ba. Ba na ɗora mata laifi, labarin da na ba ta shi ta yi wa hukunci. Na sa yarinyar a wurin da ake tsaron yara ran Larba, na ce wa Hajiya wai lakwal ce ta tilasta. Ta dube ni ta ce to, Allah ya taimaka. Na fara sauraren motsin ƙofarta kafin in buɗe tawa. In mun haɗu a bene sai in gajarta gaisuwa, tana tambayar maigida da aiki da gajiya, ni ina duba agogo.

Ana cikin haka Babbar Salla ta zo. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san naman layya ba ya tambayar addinin maƙwabci. Mun ci shi tun muna yara, mu kuma ran Kirsimeti Inna ta fi cika kwanon maƙwabta a kan namu. Hajiya ta ƙwanƙwasa da kanta, ta miƙo mini kwano mai murfi cike da soyayyen nama, ta ce ga rabon jikar tata, tunda an hana ta ganin ta. Da dariya ta faɗa, amma idonta bai yi dariya ba. Na karɓa, na rufe ƙofa, na ajiye kwanon a tebur ina kallon sa kamar wani abu zai fito daga ciki. Har tunanin ko an yi tofi a kai na yi, Allah ya gafarta mini. Washegari da za ni aiki na sa kwanon a leda, da namansa yadda ya zo, ko tsoka ɗaya ba a taɓa ba, na rataye a marikin ƙofarta, na sauka da gudu. Bature ba zai gane nauyin wannan ba, zai ce watakila ba ma cin nama ne. Amma ni na san abin da na faɗa mata, ita ma ta ji shi sarai. Ba ta zo ta tambaya ba. Kwanon bai sake tsallako bene ba.

Da hutun yara ya zo na ɗauki yarinyar muka shiga jirgin ƙasa zuwa Lyon, da niyyar mu shawarta ko za ta zauna wurin babanta. Kashegarin zuwanmu, abincin rana na kan tebur, sai ta buɗe jakarta ta fito da ƙyallen nan da nake tsammanin na ɓoye shi da kyau a gida. Ta wanke hannu, ta shimfiɗa shi, ta durƙusa tana fuskantar firji, don ɗakin babanta tagar sama take. Na yunƙura zan tashi, mijina ya riƙe hannuna. Watakila don babanta na nan ne ta ɗaga murya. Ta lanƙwasa yatsa ta gode wa Allah don jirgi bai lalace ba. Ta lanƙwasa na biyu don Baba, na uku don Mama da gajiyarta, na huɗu don takalmanta sababbi, na biyar don Hajiya, ta roƙi Allah ya sa Hajiya ta daina fushi da ita. Sannan ta rufe cikin sunan Yesu, ta ce amin, ta naɗe ƙyallenta.

Babanta ne ya tambaye ta, a hankali, wa ya koya mata. Ta dube ni tukuna, sannan ta faɗa. Wai Larbar farko da Hajiya ta tada sallar azahar, ita ma ta tsaya bayanta tana kwaikwayo. Da Hajiya ta sallame sai ta zaunar da ita ta ce a'a, wannan ba hanyar iyayenta ba ce, kuma ita amana aka ba ta, ta je ta yi yadda Mamanta ke yi. Sai yarinyar ta ce Mama ba ta yin addu'a. Wai sai Hajiya ta ce Mamanta gajiya ce ta yi mata yawa, a zuci take yi cikin metro, kuma kada ta sake faɗa wa kowa wannan maganar. Shi ne ta yanko mata zanenta don ƙasa da sanyi, ta ce duk lokacin da ita ta tashi salla, yarinyar ta je gefe ta ƙirga abu biyar ta gode wa Allah, ta rufe yadda mutanensu ke rufewa, don ta zauna da maƙwabta Kirista a Damagaram ta san yadda suke yi. Wanke hannun kuwa, wai Hajiya ta ce ba a magana da Allah da hannu duk alewar shokola. Tagar kuma don tattabaru ne.

Ashe asirin da aka ɓoye mini nawa ne. Matar da nake zargi tana sace mini ɗiya, ita ce ke rufa mini asiri a gaban ɗiyata, kuma ita ce ta yi aikin da na bari. Mijina bai ce ai na faɗa miki ba, ya dai tura mini faranti. Ban iya ci ba.

Da muka koma Saint-Denis kwana huɗu na yi kafin in iya yin taku ukun nan. Na dafa dambu na cika kwano na ƙwanƙwasa. Ta buɗe, ta gaishe ni gaisuwa cikakkiya, ba ta rage ko ɗaya ba, har da tambayar Lyon da maigida. Na durƙusa na faɗa mata komai, har littafin da nake rubutu. Ta ce in tashi, ta yafe. Ta ce naman ba shi ya yi mata ciwo ba, ta ba wasu sun ci. Abin da ya yi mata ciwo shi ne ina kiran ta Hajiyata, tana kiran ni ɗiyarta, amma na iya auna tagar ɗaki da taswira ban iya buɗe baki na tambaye ta ba. Sannan ta tambaye ni, ba da gatse ba, ko yanzu ina yin addu'ar. Na ce zan fara. Ta ce fara ɗin ake so.

Kwanon ya dawo cike, kuma ya ci gaba da zirga-zirga. Amma da na nemi yarinyar ta koma wurinta ran Larba, sai ta ce gwiwoyinta sun fara ciwo, ba za ta iya da yaro ba yanzu. Watakila gaskiya ne. Ban sani ba, kuma ban da bakin tambaya. Bayan shekara biyu suka koma gida gaba ɗaya, ɗiyata ta yi kuka kamar ba za ta daina ba.

Ba zan ce na zama mai yawan addu'a ba, har yau akwai ranakun da suke kuɓuce mini. Amma na sauko da Littafin daga bisa firji, kuma na gane lokacin da nake cewa ba ni da shi ya ishe ni wata uku ina leƙe da rubuce-rubuce. Abu biyar ba ya cin minti biyu. Ina yin sa a gaban ɗiyata, da murya, don abin da yaro bai gani ba a wurinsa babu shi. 'Yan'uwana iyaye mata, Kirista da Musulmi, musamman mu da ke zaune nesa da gida inda tsoro ke saurin kama mutum: in kin ga wani abu a jikin ɗanki da ba ki gane ba, kafin ki dubi ƙofar maƙwabciya ki tambayi kanki abin da yake gani a ɗakinki. In kuma dole sai kin yi zargi, ki je ki ƙwanƙwasa ki tambaya tun kwano bai shiga leda ba. Ƙyallen yana nan a wurina, ya koɗe. Ɗiyata ta girma ta bar shi, ni ce ke durƙusawa a kai yanzu, kuma yatsana na biyar har yau na Hajiya ne.